Rigar Tare Iska da Ruwan Sama: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Fitar da Kuɗinka

Duk shekara da hadarin farko ya haɗo, sai a shiga neman rigar da za ta raba mutum da dukan ruwa. Da yawa sukan ɗauko 'yar shara-sharar jaket ɗin nan mai santsi, wadda ake kira windbreaker da Turanci, da Faransanci kuma coupe-vent. A nan za mu kira ta rigar tare iska. Santsinta da ƙarar da take yi idan an murza ta su ne ke sa a ɗauka rigar ruwa ce. Ranar da aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai mai ita ya dawo gida sharkaf yana cewa an sayar masa da jabu. Galibi kuwa ba jabu ba ce, aikin da ba nata ba aka ɗora mata.

Mece ce rigar tare iska tukuna?

Jaket ce mara nauyi da ake ɗinkawa da yadin nailan ko poliyesta, falle ɗaya, wani lokaci da ɗan shafi mai raga-raga daga ciki. An matse saƙarta sosai, zare na manne da zare, har iska ta rasa hanyar ratsawa da ƙarfi. Wannan ne aikinta, kuma daga nan sunanta ya fito. Marasa nauyin cikinsu, irin na masu gudun motsa jiki da masu tseren keke, ba su wuce giram 100 zuwa 150 ba. Kana iya dunƙule ta ta shige aljihu.

Daga waje akan shafa wa yadin wani sinadari mai korar ruwa. A takardar da ke rataye jikin rigar za ka ga an rubuta DWR. Ka riƙe waɗannan haruffa uku, domin yawancin ruɗanin daga wajensu yake.

Ke nan ko kaɗan ba ta tare ruwa?

Tana tarewa, amma na ɗan lokaci. Yayyafi, raɓar asuba, feshin da iska ke kaɗowa kafin ruwa ya sauko sosai, duk tana iya riƙe su har ka isa inda za ka fake. A abin da na gani, sabuwa dal takan ba ka kamar rubu'in sa'a zuwa rabin sa'a a cikin yayyafi. Ruwa mai ƙarfi kuwa 'yan mintoci suka ishe shi. Mamakon watan Agusta da ake wuni ana yi, wannan ba a ma maganarsa.

Amma na zuba mata ruwa a shago, na ga yana gangarewa kamar a ganyen gwaza. Ta yaya daga baya ya shiga?

Wannan gwajin shi ne ya fi kowane yaudarar mai saye, kuma sau da yawa mai shagon ma da zuciya ɗaya yake yin sa. Abin da ka gani aikin sinadarin nan ne na DWR. Yana lulluɓe kowane zare ta yadda ɗigon ruwa ba zai baje ba, sai ya dunƙule ya mirgine. Sai dai bai toshe ramukan da ke tsakanin zare da zare ba. Suna nan a buɗe, ƙanana ne kawai.

Ruwan da ka zuba daga kofi a hankali ya sauka, babu abin da ke tura shi. Ruwan sama kuwa da ƙarfinsa yake faɗowa, iska na ƙara ingiza shi, ɗigo na bugun ɗigo a wuri ɗaya. Ƙara da hannun jakar goyo da ke danne kafaɗa, da gwiwar hannu da ke lanƙwashewa, da bayanka da ka jingina da kujera. Duk inda aka danna, ruwa zai kutsa ta cikin ramukan. Da zarar wuri ɗaya ya sha ruwa, za ka ga launinsa ya yi duhu, daga nan kuma sai ya riƙa jawo wani ruwan kamar lagwani.

Akwai kuma ɗinki. Kowane sukan allura rami ne, kuma a riga ɗaya akwai su dubbai. Rigar ruwa ta gaske ana bin kowane layin ɗinki daga ciki a manna masa wani siririn tef da zafi, ya rufe ramukan. Yawancin rigunan tare iska ba a yi musu haka. Shi ya sa jiƙewar takan fara daga kafaɗu, da inda hula ta haɗu da wuya, da layin zif. Idan abu ɗaya kawai za ka tuna daga wannan shafi, to ka juya riga ka duba bayan ɗinkinta kafin ka biya.

Me zan nema a rubuce a jikin riga?

Kalmomi biyu ne ake rikita su. Idan ka ga water resistant ko water repellent, ko déperlant a kan kayan da suka fito ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ma'anarsa tana kore ruwa na ɗan lokaci. Idan ka ga waterproof ko imperméable, to masu ita na da'awar ruwa ba ya shiga. Da'awa ce, tef ɗin bayan ɗinki shi ne shaidarta.

Lambobin nan 5,000mm da 10,000mm fa, me suke nufi?

Awon ƙarfin yadi ne a gaban matsin ruwa. Ka ƙaddara an tsayar da dogon bututu a kan yadin, ana zuba ruwa a ciki yana hawa. Tsayin da ruwan ya kai kafin ya fara tsattsafowa ta ƙasa shi ne lambar. Ke nan 10,000mm na nufin yadin ya jure nauyin ruwa mai tsayin mita 10.

A kasuwar kayan nan akan ɗauki 1,500mm a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira mai hana ruwa. Riga mai 5,000mm ta isa zirga-zirgar gari. Mai 10,000mm tana jure ruwa mai ƙarfi, sannan 20,000mm zuwa sama na masu hawan duwatsu ne da masu wuni a cikin ruwa da kaya a baya. Rigar tare iska sau da yawa ba ta ɗauke da wannan lamba sam, kuma rashin lambar ma amsa ce. Sai dai a kula: yadi aka auna, ba riga ba. Mai 20,000mm da zif a buɗe babu marfi tana iya jiƙa ka kafin mai 5,000mm da aka ɗinka da kyau.

Rigar ruwa ta gaske ita kuma da me ta fi?

Tana da wani falle da ruwa ba ya ratsawa, ba sinadarin sama kawai ba. Iri uku ne za ka fi haɗuwa da su.

Na farko ita ce ta roba ko leda mai kauri, wadda muka fi sani da rigar ruwa. Asalinta tsoho ne: a 1823 Charles Macintosh, wani masanin sinadarai a birnin Glasgow, ya yi rajistar dabarar narka roba a manna ta tsakanin yadi biyu, har sunansa ya zama sunan rigar ruwa a Ingila. Wannan ba ta barin ko ɗigo, ga arha, amma ba ta barin gumi ya fita.

Na biyu nailan ne da aka shafa wa wata roba mai laushi daga ciki, wadda ake rubutawa PU. Ba ta da nauyi, kuɗinta tsaka-tsaki, kuma ita ce ta fi yawa a kasuwa.

Na uku ita ce mai 'yar siririyar fatar roba a manne tsakanin yaduka, irin su Gore-Tex. A 1969 Bob Gore na Amurka ya gano cewa idan aka fizgi sinadarin PTFE mai zafi da sauri yakan miƙe ya zama fata mai ƙananan ramuka, kuma a 1976 aka fara sayar da kayan da aka yi da ita. Kamfanin na cewa kowane rami ya fi ɗigon ruwa ƙanƙanta kusan sau 20,000, amma ya fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ma'ana ruwa ba ya shiga, tururin jiki kuma yana samun hanyar fita. Tsadarta ke nan.

Na sayi mai tsadar, amma na tuɓe na tarar da rigar cikina a jiƙe. Yoyo take yi?

Mai yiwuwa ne, amma na fi zargin gumi. A nan ne yanayinmu ya bambanta da na ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan riguna dominsu. Tururi na fita ne idan cikin riga ya fi waje ɗumi da laima. A tsaunukan Turai, inda waje ke da sanyi, bambancin na da yawa, sai fatar ta yi aikinta. A Kaduna ko Kumasi ko Yawunde a tsakiyar damina, waje ma da ɗumi yake, iska kuma cike da laima. Tururin ba shi da inda za shi, sai ya taru ya koma ruwa a jikinka.

Abu na biyu, idan sinadarin korar ruwa na waje ya mutu, yadin sama yakan sha ruwa ya manne. Ruwan bai ratsa fatar ba, amma ya toshe hanyar tururi, ga sanyinsa kuma yana taɓa jiki har ka rantse ta yi yoyo.

Hanyar ganewa ba wuya. Jiƙewar yoyo a wuri ɗaya take, kusa da ɗinki ko zif. Ta gumi kuwa a baje take, a gadon baya da hammata da ƙirji. A ƙasa mai zafi, riga mai faɗi da ke da zif a hammata ko mashigar iska a baya ta fi matsattsiya amfani, komai sunan da ke jikin matsattsiyar. Makiyayan da suka saƙa kabido da kaba sun riga kowa gane wannan: ruwa na zamewa ta sama, iska na shiga ta ƙasa.

To me zai sa in sayi rigar tare iska?

Saboda akwai ranakun da ta fi rigar ruwa nesa ba kusa ba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin da ke damun mai fita da asuba iska ce mai sanyi da ƙura, ba ruwa ba. Rigar tare iska a kan suwaita tana hana iskar kwashe ɗumin da jiki ya tara, ba tare da ta dafa ka ba idan rana ta ɗaga. Mai gudu ko mai tuƙa keke ma, ko da a yayyafi ne, sau da yawa gara masa ita: ɗan ruwan da zai shiga bai kai gumin da rigar leda za ta tara masa ba. Ga saurin bushewa. Ka shanya ta a inuwa, kafin ka gama shan shayi ta kusa komawa yadda take.

Ina hawa babur kullum. Wacce ta dace da ni da damina?

Ba rigar tare iska ba, wannan kam babu ja. Gudun babur na mayar da yayyafi ya zama kamar ruwan da ake fesowa da ƙarfi, kai tsaye a ƙirji da layin zif. Sannan a zaune kake, ruwa na gangarowa ya taru a cinya. Rigar tare iska a ƙugu take tsayawa, duk abin da ta kora a kan kaftaninka da wandonka zai sauka.

Abin da kake buƙata shi ne riga da wando na ruwa, masu tef a bayan ɗinki, da marfi a kan zif, da hannu mai roba ko maɗauri don kada iska ta tura ruwa ta wuyan hannu. A nan ko ta leda mai kauri ma ta yi, tunda ba motsa jiki kake yi sosai ba, iskar tafiya kuma na rage zafi. Ka zaɓi launi mai haske, rawaya ko ruwan lemo, ko mai layin da ke ƙyalli idan fitila ta haska, domin direban da ke bayanka da ƙyar yake gani a cikin ruwa. Ina kuma roƙon masu sa doguwar leda mai buɗaɗɗen gefe da su tattare bakinta sosai. Idan ta shiga sarƙa ko tayar baya, abin ba ya zuwa da sauƙi.

Sauran jaket ɗin fa? Yaya suke da ruwa?

Akwai mai laushi mai ɗan miƙewa, da ake kira softshell. Ta fi rigar tare iska kauri da ɗumi, kuma takan ɗan fi ta daɗewa a yayyafi, amma ita ma yawanci ba ta da tef, kuma idan ta jiƙe takan yi nauyi ta daɗe ba ta bushe ba.

Mai gashi-gashi ta poliyesta, wato fleece, ba ta tare ruwa ba ta tare iska. Amfaninta shi ne zarenta ba ya shan ruwa da yawa, kana matse ta ta sake ba ka ɗumi. Wurinta a ƙarƙashin wata rigar.

Mai kumburi da aka cusa wa gashin agwagwa ko na dinya ita ta fi kowa ɗumi a busasshen sanyi, kuma ita ta fi kowa lalacewa a ruwa. Gashin yakan manne ya dunƙule, ɗumin ya tafi. Wadda aka cusa wa audugar roba ta fi ta jure laima.

Akwai kuma ta auduga da aka shafe da kaki, irin wadda kamfanin Barbour na Ingila, da aka kafa a 1894, ya shahara da ita. Tana tare ruwa sosai, tana jure ƙaya, amma ga nauyi, ga buƙatar sake shafa kakin lokaci-lokaci, kuma a zafinmu ba ta da daɗin sawa. Jaket ɗin jins kuwa soso ce kawai. Ta fata tana jure ɗan yayyafi, amma ruwa mai yawa na sa ta bushe ta yi tauri ta tsattsage.

A Nijar da Kamaru mukan ji ana cewa K-Way. Ita rigar ruwa ce ko ta iska?

K-Way sunan kamfani ne. Léon-Claude Duhamel ne ya fito da ita a Paris a 1965: 'yar rigar nailan mai hula da ake naɗewa cikin aljihunta a ɗaura a ƙugu. Ta yi farin jini har masu magana da Faransanci suka koma kiran kowace riga mai kama da ita da wannan suna. Don haka abin da ɗan kasuwa ya kira K-Way na iya zama mai hana ruwa, yana iya zama mai tare iska kawai. Juya ta ka duba ɗinkin.

Jiƙewa ai ba ta kisa. Me ya sa ake ɗaukar abin da zafi?

A cikin gari, inda za ka isa gida ka sauya kaya, gaskiya ne. Amma ruwa na janye ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma idan jiƙewa ta haɗu da iska mai kaɗawa, jiki na iya yin sanyi fiye da kima ko da babu ƙanƙara a kusa. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ko a tsaunin Mambila da ya fi shi bisa, mutumin da ruwan yamma ya daka a kan babur, da rigar auduga a manne a jikinsa, yana cikin haɗari na gaske. Yara da tsofaffi sun fi saurin kamuwa.

Alamun su ne karkarwa mai tsanani, yatsu su kasa riƙe zif, magana ta fara sarƙewa. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da busasshen bargo, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa. Idan ya fara ruɗewa ko barci na fizgarsa, sai asibiti. Abin lura a nan shi ne, rigar tare iska ko ta jiƙe tana ci gaba da tare iskar, don haka kada ka tuɓe ta a hanya don ta sha ruwa. Barin ta a jiki ya fi.

A gwanjo zan saya. Yaya zan gane mai kyau?

Ana samun kaya masu kyau ƙwarai a gwanjo, har waɗanda sabbinsu suka fi ƙarfin aljihu. Ka ɗauki lokaci kawai. Manna yadin a bakinka ka hura: idan iska ta ɗan ratsa da ƙyar, ta tare iska ce, idan ta tsaya cak, akwai falle mai hana ruwa. Juya ta ka bi tef ɗin da yatsa, musamman a wuya da kafaɗa, inda gumi da man shafawa ke fara ɓamɓare shi. Ɗaga ta sama wajen haske ka nemi ƙananan huji.

Sannan ka shafa cikinta ka sunsuna. Robar PU na ruɓewa idan ta daɗe a wuri mai zafi da laima. Za ka ji tana danƙo, ko tana zubar da farin gari kamar amosani, ko tana wani wari mai tsami. Wadda ta kai nan ta gama, babu wanki ko feshin da zai dawo da ita, komai arharta ka bar ta.

Wanki ba ya kashe ta?

Rashin wanki ya fi kashe ta. Ƙura, hayaƙi, gumi da man shafawa su ne ke lulluɓe sinadarin korar ruwa har ya daina aiki. A wanke ta da sabulun ruwa mara ƙarfi a ruwa mai ɗan ɗumi, a ɗauraye sau biyu, domin ragowar sabulu na jawo ruwa. Ban da bilic, ban da ruwan tausasa kaya, ban da buroshi mai tauri. Idan za ka ba mai wanki, ka ce masa kada ya murɗe ta kuma kada ya buga.

A shanya a inuwa, tunda rana mai zafi na cin nailan. Bayan ta bushe, ɗan zafi kaɗan na farfaɗo da sinadarin: minti 20 a injin busar da kaya a kan mafi ƙarancin zafi, ko dutsen guga na lantarki da aka rage har ƙasa, da ƙyalle a tsakani. Duba takardar wuyan rigar tukuna ko ta yarda da guga. Dutsen gawayi kam kada ya kusance ta, nan take zai narka ta. Kuma kada ka cusa ta cikin leda ko ƙarƙashin kujerar babur tana jiƙe ka manta.

Idan na fesa mata maganin korar ruwa, za ta zama rigar ruwa?

A'a. Feshi irin na Nikwax ko Grangers na dawo da gangarewar ruwa idan ta mutu, ya ƙara maka mintoci. Ba ya toshe saƙa, ba ya rufe ramin allura.

Wani abu da ya kamata a sani: shekaru da dama sinadaran da ake wannan aiki da su na dangin PFAS ne, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. A 2019 aka sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta nemi a kawar, kuma kamfanoni da yawa sun koma wasu sinadaran. Sababbin suna kore ruwa da kyau, amma maiƙo da datti na saurin kama su, don haka sabuwar riga na son wanki akai-akai fiye da ta da.

Ɗana zai tafi karatu Ingila. Wacce zan saya masa?

Ruwan can ba irin namu ba ne da ke zuwa da tsawa ya zuba ya ɗauke. Sau da yawa siririn ruwa ne mai naci, da iska mai juya lema, ga sanyi. Wannan shi ne yanayin da rigar tare iska ke gazawa a hankali, kuma shi ne wanda riga mai siririyar fatar nan irin ta Gore-Tex ta fi yin aiki a cikinsa, tunda waje da sanyi. A nema masa mai tef a ɗinki, mai kamar 10,000mm, mai hula da ake ɗaurewa, tsayinta ya sauko ƙasa da ƙugu. A ƙara girmanta kaɗan yadda suwaita ko mai gashi-gashi za ta shiga ƙarƙashi, domin rigar ruwa ita kaɗai ba ta ba da ɗumi. Idan da hali, Alhaji, a ba shi kuɗin ya saya a can bayan ya kwana biyu ya ga yanayin garin da idonsa. A nan a sa masa 'yar rigar tare iska a jakar hannu, saboda iskar da za ta tarbe shi a ƙofar filin jirgi.